Teburin da na ci tuwo a kai shekara bakwai

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da sojoji suka koma bariki ba, kuma ba don siyasa ba. A shekarar ne aka sakar wa laburaren kwalejinmu kuɗin sayen littattafai bayan dogon fari, ni kuma a lokacin ni ne mai kula da sashen saye. Kwalejin tana cikin gari, ba nisa da Shahuci. Da ƙafa nake zuwa daga Dukawuya, riƙe da kular abincina.

Da yake mulkin farar hula ya shigo, mu ma sai aka ce a yi dimokuraɗiyya. Aka kafa kwamiti, kowane sashe ya kawo jerin abin da yake so. Malama Binta, shugabar sashen kimiyya, ta kawo nata, littafi goma sha biyu. Ta ce masu tantance kwasa-kwasai suna tafe, in ba su ga waɗannan a kan kantar laburare ba, za su hana sashenta ɗaukar sababbin ɗalibai.

Ni kuwa raina yana kan wani ƙamus na Larabci, juzu'i ashirin, mai ruwan zinare a bango. (Gaskiya ba karanta shi zan yi ba. So nake duk baƙon da ya shigo ya ce "Masha Allah".) Kuɗinsa ya kai rabin kason gaba ɗaya. Na miƙe a gaban kwamiti na yi jawabi, har da buga tebur. Na ce abin kunya ne a ce kwaleji a tsakiyar birnin Kano ba ta da shi, na duba akwatin katunan rajistar littattafanmu ɗaya bayan ɗaya, babu. Kuma ban yi ƙarya ba. A aikinmu, littafin da ba shi da kati ba a haife shi ba.

Aka amince. Na zaftare jerin Malama Binta ya koma huɗu.

"Malam, huɗu fa ba za su ishe ni ba," in ji ta.

Na ce, "Malama, kasafi ne. Ba a yi masa gardama." Wallahi har da gyara zaman hula.

Ranar da dilan littattafai ya kawo kaya, kafin azahar na buga wa juzu'i ashirin ɗin nan hatimin kwaleji, ciki da waje, don zumuɗi. Duk wanda ya san harkar ya san littafin da ya sha hatimi ba ya komawa kanti. Bayan salla Shugaban kwaleji ya iso da 'yan kwamiti don su gani da idonsu. Ofishina ƙarami ne, sai Baba Ado, tsohon masinjanmu, ya ce bari ya janye teburin cin abincina a samu wurin tsayawa.

To, ba tebur ba ne. Kwalaye biyu ne da na ɗora ɗaya kan ɗaya na lulluɓe da tsohon labule. A nan nake ajiye kula da buta, a nan nake cin tuwona. Ban taɓa tambayar kaina me ke ciki ba.

Baba Ado ya ɗaga na sama, gindin ya ɓalle. Littattafai suka zube a gaban takalmin Shugaba. Ruwan zinare a bango. Juzu'i na ɗaya, na biyu, na uku. Baba Ado ya dubi waɗanda suka zube, ya dubi sababbin da na jera, ya ce, "Ikon Allah! Malam, ashe tagwaye ne."

Na yi saurin cewa lallai wani ne ya karɓa ya yi sakaci. Shugaba ya sunkuya ya ɗauko takardar karɓar kaya da ta faɗo tare da su, ya karanta a hankali, ya miƙo min. Sa hannuna ne. A ƙasa kuma da rubutuna: "A ajiye sai an samu kati." Sai a lokacin na tuna. Zamanin soja aka kawo su, ina ƙaramin ma'aikaci, katuna sun ƙare. Da katunan suka zo kuma, kwalayen sun riga sun zama tebur.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Malama Binta ta ɗauki juzu'i ɗaya, wanda manjan miyata ya ratsa kwali ya yi wa tambari, ta juya shi. Ta ce, "Malam, ɗalibaina wanne za su karanta, sabon ko tsohon?" Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har yau in na tuna sai na ji zafi a kunnena.

Masu tantancewa suka zo, suka ƙirga huɗu, suka tafi. Shekarar nan sashen kimiyya bai ɗauki ɗalibi ko ɗaya ba. Ni takardar gargaɗi kawai na samu, wadda ba ta kai nauyin laifin ba.

Tun daga nan, kafin in ce "ba mu da shi", sai na ɗaga duk wani labule da ke ofis, na leƙa ƙarƙashin kular abincina. Malama Binta ta yi ritaya tuni. Kwanaki muka haɗu wajen Ƙofar Mata, muka gaisa cikin mutunci, ta tambayi iyali. Har ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo.

"Malam, ya tebur?"