Daddawa a Ajin Kimiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hancina ya tona mini asiri ba. Ina aji huɗu a sakandare a Kafanchan, lokacin jirgin ƙasa bai daina tsayawa a tasha ba.

Mamata daddawa take yi. Takan dafa kalwa, ta zuba a kwando, ta rufe da ganye, ta ajiye a ɗakin da nake rataye kayan makaranta. Ni kuwa na gaya wa 'yan ajinmu ɗinki take yi (akwai keken ɗinki a gidan, amma na maƙwabciyarmu ne). Kullum da safe sai in goga ɓawon lemo a wuyan rigata, in fita hankali kwance.

Ran nan malamin kimiyya, Malam Yohanna, ya jera kwalabe a kan tebur. Ya ce ƙamshi da wari duk ƙananan sinadarai ne masu tashi a iska, kowanne da wurin da yake taɓawa can cikin hanci. Ya nemi wadda za ta gwada. Ni ya zaɓa, don ni kaɗai ke kallon ƙasa. Aka ɗaure mini ido da ɗankwali.

Ya kawo ta farko. "Kananzir, Sa." Ta gaba. "Kafur." Wata kuma na ce citta ce, har na ƙara da cewa busasshiya ce, ba ɗanya ba. Aka tafa. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ga ni ina gyara tsayuwa.

Da ya buɗe ta ƙarshe, na ji ana jan benci baya, wata tana tari. Na shaƙa. Na sake shaƙa. Na ce a raina tarko ne.

"Sa, wannan babu komai a ciki."

Malam ya kwance ɗankwalin: daddawa ce, cike da kwalba. Bai yi dariya ba, murna ya yi, wadda ta fi muni.

"Yarinya, ana yin daddawa a gidanku?"

Na gyaɗa kai.

"Yauwa! Kun gani? Hanci idan ya daɗe da abu, yakan daina kai labari. Ku rubuta!"

Suka rubuta. Na ga alƙalamin kowa yana tafiya.

A hanyar gida na ce wa Rifkatu, wadda muke benci ɗaya, yanzu kowa ya sani ke nan. Ta dube ni da mamaki.

"Haba, ke! Tun aji ɗaya muka sani. Lemon ne ba mu gane ba. Af, Mama ta ce in tambaye ki ko akwai sabuwa."

Tun daga ranar, idan na ji babu warin komai, nakan tambayi na kusa da ni.