Zuciyar Ragon Layya a Tashar Gaya

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da washegarin wata babbar Salla a tashar motar Gaya ba. Lokacin ina karatun injiniya a Yamai, ina bincike kan 'yan ƙofofin nan na cikin zuciya masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Ina bukatar zuciya ta gaske in gwada, sai na lallaɓa na ɗauke ta ragon layyar Baba. (Har an kori kyanwar gidanmu da muciya a kanta, ni kuwa na yi tsit.)

Na zura mata tiyo biyu, na ɗura zoɓo a madadin jini, na saka a galasiya, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara. Wai ni mai ilimi.

Muna jiran motar Yamai ta cika, ashe ƙanƙara ta narke. Jan ruwa ya bi ƙasa har ƙafar wata mai sayar da kifi. Ta ɗaga murfin, ta ƙwalla ƙara: "Wayyo! Mai yankan kai!"

Kafin in ƙifta ido an kewaye ni. Na ga sanda, na ga wani ya ɗauko dutse. Wallahi na tsorata, na sadaƙar yau kwanana ya ƙare. Wani dattijo ya ce, "Yaro, zuciyar wa ce wannan?"

Maimakon in ce ta rago ce in huta, sai na soma lacca: "Ai na zaɓe ta ne don kusan daidai take da ta mutum..."

"Kun ji ko! Ya san ta mutum!"

Aka ci kwalata. Ni ɗan jami'a na durƙusa ina kuka ina kiran Inna. (Batun wandona kuwa, mu bar shi a zoɓo ne.)

Allah ya jeho Kawu Idi, direban babbar mota. Ya ratsa taron, ya leƙa galasiyar, ya dube ni. "Ku sake shi, ɗan ƙanwata ne. Kai, ashe kai ne ɓarawon zuciyar ragon Alhaji babanka? Muka ɗora wa kyanwa!"

Tasha ta ɗauki dariya, har da mai dutsen.

Yau na gama karatu, amma a Gaya sunana Kyanwa. Kuma na koyi cewa idan mai sanda ya yi tambaya, amsar kalma ɗaya ake ba shi.