Ranar da Na Tayar da Hadari da Batir

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa ta farkon damina, ko da mutanen garinmu za su yi mini alfarma su manta (ba su manta ba, kuma ban ga alamar suna da niyya ba). Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Garinmu yana bakin tafkin Kainji, ba nisa da Wara, gidanmu kuma shi ne na ƙarshe a kan tudu ta gabas. Na gama difloma a fannin lantarki na dawo gida, aiki ya ce bai san ni ba, wutar gwamnati kuwa sai dai mu kalli waya a kan turke. Da zaman banza ya ishe ni, sai na yanka bututun roba na yi fukafukai uku, na haɗa su da wani ɗan inji da na tsinto a wurin 'yan gwangwan a Yelwa, na ɗaure a kan dogon ƙarfe, na kafa a saman ɗakin Inna. Iska ta juya fanka, fanka ta cika batir, batir ya ba mu fitila da cajin waya da rediyon Inna. Daga nan gari ya sa mini suna Injiniya. Rabinsa girmamawa ne, rabi zolaya, amma ni rabin farko kaɗai kunnena ke ji.

To, akwai wani amfani da fankar nan ta yi wanda ban gina ta dominsa ba. A wurinmu iskar hadari daga gabas take tasowa, tudunmu take fara bugu kafin ta gangara ruwa. Baba Ɗanjuma, dattijon masu jirgi, shi ya fara lura. Daga tashar jiragen ruwa ana hango fankar sarai, in ta haukace da juyi, ba a daɗewa tafki ya rikice. Wanda ya taɓa ganin abin da iska ke yi wa jirgi cike da mutane a tsakiyar ruwa ba ya wasa da irin wannan alama. Sai ya zama kafin a tayar da inji, direba ya ɗaga kai ya dubi saman gidanmu. Na san da haka. Kai, har taƙama nake yi da shi a majalisa.

Baba Ɗanjuma kuwa shi ne mahaifin Rabi, Rabi kuma ita ce dalilin da ya sa na koyi guga da sa turare. Maganarmu ta yi nisa, amma ba uba ke ba da ɗiya ba, ƙanensa ke bayarwa, wato Baffa Lawal, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke zaune a Yelwa. Da aka kai masa labarina, cewa ya yi, "Mai fanka? Yaushe fanka ta zama sana'a?" Ya aiko cewa zai zo ranar kasuwa ya ga abin da idonsa.

Ranar ta zo, iska ta ƙi zuwa. Zafi kamar an rufe gari da murfin tukunya, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Na sa shaddata fara ƙal, na fito na dubi fanka, ita ma ta dube ni. Na yi addu'a, na zagaya gida, na sake dubawa. Shiru.

Nan Shaiɗan ya matso kusa da kunnena (ba zan ɗora masa laifin duka ba, ni ma na matsa kusa da shi). Irin wannan inji, in ka juya shi zai ba ka wuta, in kuma ka ba shi wuta zai juya. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da na sa don ya hana wutar batir komawa sama. Waya ɗaya na ɗauko na tsallake shi. Wayyo, zo ka ga gudu! Fanka ta kama juyi har da kuwwa. Inna tana tankaɗe tana kallona, na ce mata, "Inna, don Allah yau a haƙura da rediyo, batirin na wani aiki." Ta ce, "Uhm." Da na san ma'anar wannan uhm ɗin, da na zauna na yi mata bayani.

Baffa Lawal ya sauka daga kabu-kabu, na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, na kunna masa fitila na kashe, na sake kunnawa. Sai ya goge gumi da bakin riga ya ce, "To ni ko ban ji iska ba."

"Ai Baffa, iskar sama daban take da ta ƙasa," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba. "Mun yi ta a makaranta."

Ya gyaɗa kai. A raina na ce shi ke nan, Rabi ta zo gida.

Muna cikin haka sai na ji hayaniya tana hawowa daga gangare. Na leƙa. Jama'a ce, Baba Ɗanjuma a gaba, direbobin jirgi a bayansa, sai mata da goyo, da 'yan kasuwa, har da wani yana jan akuya. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta dawo daga inda ta tafi yawo. Sun cika jirage za su tsallaka zuwa kasuwa, suka hango fanka tana gudun da ba ta taɓa yi ba, ga kuma wani ɗan gajimare da ya ga damar tsayawa a gabas. Baba ya ce kowa ya sauka. An sauke buhunan albasa, kwandunan kifi, babura, komai, aka ja jirage gefe aka ɗaure. Su kuma suka hawo tudu neman mafaka.

Baba ya zo ya riƙe hannuna da hannayensa biyu. "Allah shi yi maka albarka, yaro. Ba don abin ga naka ba, da yanzu muna tsakiyar ruwa." Ya juya ga ƙanensa. "Ka gani, Lawal? Wanga shi ne ka ce ba ya da sana'a?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Baba."

Aka zazzauna ana jiran hadari. Kowa ya ɗaga kai sama, sama ta yi tas kamar an wanke ta. Gumi yana bin bayana, ina ta lissafin yadda zan zame in shiga gida in fizge wayar nan, sai muryar Inna ta taso daga tsakar gida. Inna kuwa ba ta san raɗa ba.

"Auta! Kai Auta! Zo ka cire wayar ga da ka ɗaura ma fanka, ta shanye batir, rediyona ya mutu ana tsakar wa'azi! Tun hantsi kake juya ta babu iska babu dalili. Baƙon naka bai gama kallon ba ne?"

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Hatta akuyar ta kalle ni. Kamar an haɗa baki, fanka ta fara rage gudu, ta yi wani ƙugi, ta yi juyi ɗaya na ban kwana, ta tsaya cak a gaban kowa. Baffa Lawal ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ashe iskar saman ma tana ƙarewa."

Na so Baba ya zage ni, ko ya mare ni in huta. Bai yi ba. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Kai ka sauke kayan ga, kai za ka ɗora su."

Haka na gangara tasha cikin shaddata, na yi ta ɗaukar buhun albasa da kwandon kifi a ka, ina shiga ruwa har gwiwa, direbobi sun harɗe hannu suna kallo. Wata mai kifi da kasuwa ta kusa watse mata ta bi ni da maganganun da ba zan iya maimaitawa ba, kuma ta yi gaskiya. Rabi ma tana cikin fasinjojin, ashe. Da na wuce ta gabanta da kwando, ruwan kifi yana tsiyaya a wuyana, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "A hankali, Injiniya, kar iska ta ɗauke ka."

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da Baba ya faɗa mini kafin ya hau jirgi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ƙaryar da ka yi ma Lawal, tsakaninku ce. Amma mu da rayukan mutane muke kallon abin ga. Gobe in ta juya, mu yarda ko kar mu yarda?"

Hawaye na yi, ƙato da ni, a gaban jama'a.

Aka jingine maganar aure. Duk daminar nan, da zarar fanka ta fara gudu sai in bar abin da nake yi in ruga tasha da ƙafata, ina haki ina rantsuwa cewa wallahi ba ni ba ne, tun da ba wanda zai ƙara yarda da ita sai ya ga fuskata. Wata rana a sauke kaya, wata rana a yi mini dariya tukuna sannan a sauke. Sai da kaka ta yi Baffa Lawal ya aiko cewa an ba ni, wai yaron da ya yi wannan gudun ya biya.

Na dai koyi cewa in abinka ya tsaya, ka bar shi a tsaye, kunyar tsayuwarsa ba ta kai ta juyin ƙarya ba. Yanzu na kafa wa gidaje da dama fanka har cikin Shanga, ni da Rabi kuma har mun yi sunan ɗanmu na fari. Amma ko jiya da hadari ya haɗo, fanka ta soma kuwwa, sai ga wayar surukina Baba Ɗanjuma. Ko gaisuwa bai bari na gama ba.

"Injiniya, wagga ta Allah ce, ko taka ce?"