Wayar da Na Yanke a Dapaong

Ba zan taɓa mantawa ba da wata 'yar waya da tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, amma ta kusa hana matan Gando motar asibiti, ta kuma zubar mini da girman da na daɗe ina tarawa.

A lokacin ban jima da kammala jami'a ba, aka naɗa ni sakataren ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu, Kpangalam, a Sokodé. Wata ƙungiyar agaji ta ƙetare da ta naɗe aikinta a Burkina ta ba mu kyautar motar ɗaukar marasa lafiya, maƙare da kayan jinya. Muka yanke shawarar kai ta Gando, inda Madam Ramatu, 'yar unguwarmu, take aikin ungozoma. A can, idan haihuwa ta zo da gardama, a kan babur ake ɗora mace zuwa babban asibiti. Ga shi damina ta ƙarato.

Motar ta tsallako iyaka lafiya, sai ta maƙale a harabar hukumar hana fasa-ƙwauri ta Dapaong (mutanenmu "duwan" suke cewa, ni kuwa ban yarda in gajarta sunan hukuma ba). Izinin yafe haraji ake jira daga Lomé, babban birni. Na bi shi ofis-ofis ba gajiya, har ya fito. Ranar karɓar mota na sa farar shaddata, muka kama hanyar arewa da shugaban ƙungiya, Alhaji Idi, babban mahauci kuma ƙanin mahaifina.

Aka ce mu jira shef, wato shugaban ofishin, amma muna iya duba motar. Alhaji ya yi bismilla, ya zagaya ta yana shafa jikinta. A ƙofar baya ya tsaya cak. An zura wata waya ta cikin mariƙan ƙofar an murɗe, a bakinta kuma ga wani ɗan dunƙulen dalma mai zane-zane.

"Sakatare, zo ka gani," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wannan ƙulli ba na banza ba ne. Mota ta ratso ƙasashe, ido ya gan ta. Wani ne ya ɗaure ta. Ba ka ga tun da ta shigo nan ta ƙi fita ba? Kada kowa ya taɓa sai an kira malam."

A nan ne ilimina ya motsa. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba Alhaji, ka gafarce ni, amma camfi shi ne ya dabaibaye al'ummarmu. Wannan waya ce kawai, ba ta da ikon cutarwa ko amfanarwa." Na yi jawabi mai tsawo (har yau ina ganin an tsara shi da kyau), sannan na ɗauko filaya daga motar Alhaji.

Wani direba ɗan Nijar da ke kishingiɗe a inuwar babbar motarsa ya zaburo yana ihu, "Kai, malam! Kar ka taɓa!"

Na dube shi da tausayi. A raina na ce, Allah sarki, shi ma camfin ya kama shi. Na datse wayar, na ɗaga ta sama don kowa ya shaida cewa ban faɗi ba, hannuna bai shanye ba.

A haka shef ya same ni, hannu a sama.

Ya dubi ƙofa, ya dubi hannuna. Ba Bahaushe ba ne, amma Hausarsa ta isar da saƙo. "Wane ne ya yanke wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ina nuna wa dattijo ne cewa..."

"Mishe, kai ka yi lakwal?" in ji shi, yana nufin makaranta.

"Har jami'a," na amsa (da ma na yi shiru).

"To, wannan hatimin duwan ne. A iyaka mun ɗaure shi. Yanzu wa zai rantse kayan da mota ya shigo da shi, shi ne yana ciki? Mota ba ya fita."

Direbobi suka taru. Babu wanda ya yi dariya, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Alhaji ya cire hula ya sake mayarwa. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara, Madam Ramatu ce. "Ƙanena, na sa an share inda za a ajiye ta. Kun taso?" Na ce mata an sami ɗan jinkiri na fasaha.

Alhaji ya koma Sokodé saboda harkar fawarsa. Ni na ce ƙafata ba za ta bar Dapaong ba sai da motar. Doka ta ce sai an sake bincika kayan gaba ɗaya, sannan magana ta je gaban na sama. Da hannuna na sauke komai, gadon jinya, sandunan guragu, kwalayen safar hannu, na jera su a rana, farar shadda ta koma launin ƙasa. Kowace safiya ina bakin ofis kafin a buɗe, in gaida shef, in zauna a benci. Direbobi suka sa mini suna Malam Filaya, suna kuma ba ni shayi. Da na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai in tuna babur da mace mai naƙuda, in sake tashi in ƙwanƙwasa ƙofa.

Daga ƙarshe shef ya kira ni. "Kaya ya cika. Ɗauki motarka. Amma ka ba ni filaya tukuna."

Alhaji ya dawo daga Sokodé, muka isa Gando tare kafin ruwa ya ɓata hanya. Muna cikin addu'a, Madam Ramatu ta karɓi makulli ta ce a gajarta, akwai wadda ke jira.

Alhaji ya matso kusa da ni muna kallon motar tana fita. "To, Sakatare, ka ce waya ba ta da iko. Wa ya riƙe motar nan, har ya haɗa da kai?"

Har yanzu ban yarda da camfi ba, ina so a rubuta wannan. Sai dai duk ƙullin da na gani ba ni na ɗaura ba, nakan bar shi sai mai shi ya zo, ko malam ne ko shef.