Yadda Za Ka Zama Daktan Gishirin Teku Kana Zaune a Bodinga

Ɗan'uwa, in burinka a kira ka Dakta, a riƙa tashi ana ba ka kujera a wurin suna, a wannan zamani da ko albashin malaman makaranta ya zama sai an yi mafarki, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba gardama, digiri zai shigo hannunka, sunanka kuma ya shiga kowace kasuwa daga Dingyadi har Dandin Mahe. Ni malamin firamare ne a Bodinga, ban taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma a gabana aka yi abin nan daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi shi Lirwanu ne, ɗan Inna Daso mai gishiri a kasuwarmu, abokina tun muna aji ɗaya. Shi ya tafi Turai karatu, ni na tsaya ina raba faɗan yara. Ba hassada nake yi ba. To, ko akwai, ba ta da yawa.

Mataki na 1: Zaɓi abin da babu shi a garinku

Kada ka kuskura ka yi bincike a kan gero ko ciwon shanu. Kowane tsoho a Horo Birni yana da abin faɗa a kansu, kuma sai ya faɗa. Nemi abin da ba mai yi maka gyara. Lirwanu teku ya zaɓa. Aikinsa shi ne ya gano yadda ruwan gishiri yake kutsawa cikin kogi a can kudu, inda kogin Kwara yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, da irin nisan da yake ci kafin ruwan daɗi ya koro shi. Aiki ne na gaske, mutanen can suna bukatarsa, don gishirin yana ɓata musu ruwan sha da gonakin shinkafa. Amma kai ba don su kake yi ba. Ribarka ita ce, duk faɗin Bodinga ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ba a hango gacinsa.

Mataki na 2: Kada ka jiƙa ƙafarka

Kogi na gaske yana da laka da sauro, ga masunta masu yawan tambaya. Rabu da shi. Gina naka kogin da lissafi, ka ɗura shi cikin kwamfuta. Wannan kogin yana da ladabi: ka ce masa rani ya yi, ya janye, ka ce damina ce, ya cika. In ya ba ka amsar da ba ka so, canza lamba ɗaya ka sake tambayarsa. Na'urar za ta amayo maka takarda mai huji gefe da gefe, wadda tsawonta ya fi na rawanin hakimi. Lirwanu ya ce sau ɗaya ya ga tekun, ta tagar jirgin sama, kuma gajimare ya rufe rabinsa. Ya wadatar.

Riƙe wannan hikima, kyauta na ba ka: duk mai binciken da ya taɓa ruwa da hannunsa ya kama hanyar zama masunci.

Mataki na 3: Dawo gida, ka ce rubutu ya kawo ka

Gwamnati za ta tsuke bakin aljihu, kuɗin karatunka su tsaya cak. Kada ka ce an daina biya maka. Ka ce sanyin Turai yana hana tunani, ka zo gida ne ka rubuta kundinka cikin natsuwa. Shimfiɗa tabarma a zaure, baza takardu, sa tabarau. Abinci zai riƙa fitowa daga cikin gida da kansa.

A nan sai ka san wadda ke dafa shi. Inna Daso tun rasuwar mijinta da gishiri ta riƙe gidan, tana aunawa da gwangwani a kasuwa, da shi ta saya wa Lirwanu wandon makaranta na farko. Tana da wani ɗan ɗaki a bayan madafi da ta cika da buhunan gishiri, kaɗan-kaɗan, tun kafin kaya su yi wuya. Ba ta da saniya, ba ta da gona. Ɗakin nan shi ne duk abin da ta mallaka. Ga shi an shiga lokacin da ake bin layi a kan sabulu da madara da gishiri, karo na farko ke nan a rayuwarta da sana'arta ta fara yi mata murmushi.

Kuma Lirwanu ɗan fari ne. Ka san al'adarmu: ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ko kallon ido da ido ba ta yi masa. “Wancan na zaure” take ce masa, in tana da saƙo ta ba wanda ke kusa, galibi ni. Gode wa Allah in ka samu irin wannan uwa. Duk malaman da za su yi maka jarrabawa suna iya titsiye ka, ita ce kaɗai ba ta da bakin tambaya.

Mataki na 4: Tambaya ɗaya za a yi maka, kada ka ce a'a

Ranar tana zuwa. Ta Lirwanu ta same shi a wurin wani suna a Horo Birni, zaure cike da dattawa, ina gefensa. Baffa Muhammadu, ƙanen mahaifinsa, makiyayi ne da bai iya kwana-kwana ba, ya dube shi.

“Lirwanu, shekara da shekaru kana can. Mi kak karanto muna?”

“Gishirin teku, Baffa. Yadda shika hawowa cikin Kwara in rani ya yi.”

“Kwara wagga da gulbinmu ka zuba ciki?”

“Ita, Baffa.”

Har mai raba goro ya tsaya.

“Tau, tunda shina hawowa, yaushe za shi iso nan? Shanuna sun mance da gishiri, har bango suna lasa.”

Gaskiyar magana, kuma duk jihar Sakkwato ba wanda ya fi ka saninta, gishirin ba ya wuce tafiyar yini guda a kwalekwale daga bakin teku, da ruwa ya sauka kuma ya koma inda ya fito. Tsakaninsa da mu akwai Nijeriya sukutum. Amma in ka faɗi haka, tambaya ta gaba ita ce, to da me karatun naka zai amfane mu? Wannan kuwa babu ita a kwamfuta. Saboda haka cire tabarau, goge shi da bakin riga, ka ce abin da Lirwanu ya ce:

“Bisa ga lissahi, Baffa, shina tahe. Sannu a hankali dai.”

Aka yi kabbara. Ni kuwa goro ya sarƙe ni.

Mataki na 5: Bar lasifika ta ƙarasa maka

Shekarar zaɓe ce, ba sai ka wahala ba. Akwai wani Ɗanmusa, ɗan kasuwa mai neman kujerar majalisa, yana da a-kori-kura da lasifika ɗaure a kai. Kafin mako ya zagayo motar ta bi Shagari da Dandin Mahe tana ihu: “Jama'a, albishirinku! Ɗanmu Dakta ya lissahe! Gishiri na tahe ta gulbi, kyauta, babu layi! Ku zaɓe mu shi iso da wuri!”

Mata suka fara ɗanɗana ruwan rafi kafin su ɗiba. A Dingyadi wani ya rantse ruwan ya soma canzawa. Kai naka shiru ne. In an ce maka Dakta, ka ce ai ba a kai ba tukuna, da irin murmushin da ke cewa an kai.

Mataki na 6: In ka ga ana fitar da buhuna, janye ƙafarka

Wannan shi ne mataki mai wuya, a nan ake gane wanda zai gama karatu.

Inna ta ji lasifika kamar kowa. Ta kira ni bakin madafi.

“Malam, abin da motar can ka hwaɗi, bakin wancan na zaure yah hito?”

“Inna, ki tambaye shi mana, ga shi can.”

“Ni? In tambai shi? Allah shi kiyaye.”

Na ce mata teku fa da nisa, ruwa kuma gangara yake yi, ba ya hawa tudu. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Kai kat tai Turai ko shi?”

Gaskiya ne, ba ni na je ba. Sai ta fito da abin da ke cin ta. Ba faɗuwar farashi ba ce kawai. Ta ce ƙaƙa za ta zauna kasuwa tana sayar da gishiri da tsada, ɗanta na cewa na kyauta yana tafe? Ai sai a ce ko uwar da ta haife shi ba ta yarda da shi ba. Matar da ba ta taɓa yabon ɗanta da baki ba, rabuwa da gishirin nan ita ce hanya ɗaya da ta samu ta yabe shi.

Wa ya zo rage mata kaya saboda tausayi? Ɗanmusa, da motar nan dai mai lasifika. Ya saye ɗakin kaf a kuɗin da ko yashi ba a sayarwa haka. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, don haka kowane buhu ta zaure ya bi, ta gefen tabarmar Lirwanu. Ina tsaye ina kallonsa, raina a ɓace. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Na ga ya ajiye biro, ya buɗe baki. Daidai nan Ɗanmusa ya leƙo.

“Sannu da aiki, Dakta! Allah shi ƙara basira!”

“Yawwa, Alhaji,” in ji Lirwanu. Ya tattare takardunsa don kada gishiri ya zubo musu, ya janye ƙafa masu dako suka wuce.

Koyi da shi. Takarda ba ta son danshi.

Mataki na 7: Karɓi digirinka, ka cinye tuwonka

Zaɓe zai wuce, lasifika ta yi shiru, damina ta zo da ƙaranci, gishiri ya ƙara tsada. Buhunan Inna za su bayyana a kantin Ɗanmusa, a bi layi a kansu, har da Baffa Muhammadu. Wurin zaman Inna a kasuwa wata mai daddawa ta gaje shi. Kai kuma aika kundinka Turai. Na Lirwanu ya karɓu, malamansa suka ce lissafin ya yi daidai, ya nuna sarai inda gishirin yake tsayawa. A Turance ya faɗi gaskiya tsaf.

Ranar da labari ya iso, Inna ta yanka kazarta, ta yi tuwo da miyar kuka, aka kawo mana zaure ni da Dakta. Na kai lomar farko. Lami. Ko ƙwayar gishiri babu. Na saci kallonsa, ya tsaya da loma a baki. Inna tana tsaye bakin ƙofar cikin gida, ta ba mu baya, da ni take magana.

“Malam, a ba wancan haƙuri, miya ba ta ji gishiri ba. Ka ce mai, nashi nika jira.”

Na roƙi Allah a zuciyata ya sa gatse take yi. Dakta ya haɗiye lomar. Ya sunkuyar da kai ya ci, ya ci, har ya suɗe kwano. Kai ma haka za ka yi, kada ka bar ko loma, kaza guda aka yanka maka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa. Digiri na yi maka alkawari, kuma ka samu. Ban ce miya za ta yi daɗi ba. Kada a zo gidana neman gishiri, ɗan wanda matata Kulu ke da shi gida biyu ake raba shi, namu da na Inna, rabin Inna kuma kullum dawo mata da shi ake yi. In kuma ka bi ta rafin bayan gari da hantsi, ka ga wata tsohuwa ta duƙa ta tsoma yatsa a ruwa ta kai baki, kada ka tambaye ni wace ce. Tambayi Dakta.