Ranar Da Kukar Malam Shu'aibu Ta Ƙare

Idan ana ƙidaya mutanen da Allah Ya yi wa garin Gombe baiwa da su, a fara da Malam Shu'aibu na unguwar Kumbiya-Kumbiya, in an gaji ma a tsaya a kansa. Shi ne bawan Allahn da ya zana bishiyar kuka yana sakandare, aka ba shi kyautar kwalin fensir a gaban taron iyaye. Tun daga ranar bai sake zana ko ganye ba, domin ya san darajar kansa. Yanzu furfura ta fara leƙo masa, kukar kuwa tana nan a falo cikin gilashi, sama da hoton aurensa. Abokan aikinsa suna ce masa Farfesan Fensir. Su da tsokana suke faɗa, shi kuwa har a katin gayyata ya sa aka buga.

Wata shekara ofis ya tura shi taron bita Abuja, ya dawo da jakar taro da kuma sabuwar damuwa: manya a Gombe sun daina zane. A nan dai ba a yi masa musu ba. Da yawanmu mun taɓa iya wani abu da hannunmu, sai aure da aiki da cefane suka cinye shi, yanzu abin da yatsunmu suka ƙware a kai shi ne shafa waya. Malam Shu'aibu ya yanke shawarar ceto mu ta hanyar wayar da ta lalata mu. Zai yi manhaja, kowa ya riƙa ɗora abin da ya zana, 'yan uwa su gani su ƙarfafa masa gwiwa.

Da yake babban mutum ba ya taɓa ƙaramin aiki, sai ya nemo Hilda, 'yar maƙwabcinsa da ta karanta ilmin kwamfuta, ya ce ita ta haɗa manhajar, shi zai kawo hangen nesa. Ya kuwa kawo. Ya canza launin tambarin har sai da Hilda ta daina gane kore da shuɗi. Ya raɗa wa manhajar suna Hannu Da Yawa, bai damu da irin miyar da karin maganar ta ambata ba. Ya naɗa kansa Jagora kuma Babban Mai Hange, aka sa hotonsa a shafin farko, da fensir a bayan kunne.

Da aka zo batun yadda za a hana mutane yin lalaci, Hilda ta ce a riƙa ba su taurari, wanda ya yi fashi a rage masa. Malam Shu'aibu ya yi mata kallon tausayi.

"'Yata, ba ki san mutanenki ba. Mutumin Gombe ba ya tsoron rasa tauraro a waya. Abin da yake tsoro shi ne ya ji sallama a ƙofar gidansa, a ce an zo dubiya, alhali lafiyarsa lau. Duk wanda Juma'a ta wuce bai ɗora sabon zane ba, manhaja ta shelanta wa kowa cewa hannun wane ba lafiya, a je a duba shi. A tafi da lemo da ayaba, da takarda da fensir, kada a tashi sai ya zana."

Sai a faɗi gaskiya, dabarar ta yi kyau, kuma ita kaɗai ce ta yi kyau a cikin duk abin da ya kawo. Ya ƙara da cewa kada manhajar ta karɓi hoto ɗaya sau biyu, saboda ya san halin malalata. Ranar ƙaddamarwa, bayan ya gama ba da tarihin kukar, ya daki ƙirji a gaban jama'a ya ce dokar nan ba ta san babba ba, ko shi ne ya yi fashi a zo masa har gida. Muka tafa masa, har da masu tashi tsaye.

Abu kamar wasa, manhaja ta kama. Wanda aka fara zuwa dubawa shi ne Baba Ernest na Gabukka, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Madam Selina, shugabar wata makarantar firamare, ita ta ja tawaga, domin mace ce da ba a yi mata gardama. Tsoho ya yi ta faɗa yana cin ayaba, daga ƙarshe ya zana kan jirgi da hayaƙinsa, ya tsaya yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa. Tun daga nan bai sake fashi ba. Malam Shu'aibu ya ba da labarin nan a wajen ɗaurin aure, ya ba da shi a wajen suna, har a zaman makoki sai da aka taɓa shi a gwiwa.

Abin da bai ba da labari ba shi ne halin da yake shiga duk Juma'a. Ya sayi takarda mai tsada, ya feƙe fensir, ya rufe ƙofa, ya zauna. Hannu ya ƙi. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, kada ya ja layi ya gane yaron nan da ya zana kuka ya daɗe da tafiya, ya bar masa gilashi da suna kawai. Muddin bai zana ba, shi Farfesa ne. In ya zana, Allah kaɗai Ya san abin da zai zama.

Amma mai hangen nesa ba ya rasa mafita. Ya sauko da kukar daga bango, ya matso da waya kusa, ya ɗauki hoton reshe guda. Ya ɗora, ya rubuta a ƙasa: Reshe, Kashi Na Ɗaya. Juma'a ta zagayo ya ɗora wani reshen. Da rassa suka ƙare ya gangaro kan gangar jiki, daga nan saiwa, daga nan 'yar ciyawar da ke gefe. Mu kuwa duk mun gane bishiyar, tunda ba wanda ya taɓa shiga falon nan ya fita ba a gabatar masa da ita ba. Sai dai mu mutane ne masu kara. Kowa ya rubuta Masha Allah, wasu har da Allah Ya ƙara basira, muka ci gaba da ɗora namu karkatattun kofuna ana yi mana irin wannan karar.

Kuka dai ko ta kai ina girma, a takarda iyaka gare ta. Ranar da ya ɗora jar tawadar da malaminsu ya sa masa maki da ita, ya san an zo ƙarshe. Juma'ar gaba ya gwada maimaita reshen farko, manhaja ta ce ta taɓa ganinsa. Ya juya shi ƙasa a sama, ta ce har yanzu ta gane shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Da safiyar Asabar wayoyin mutane suka yi ƙara daga Shamaki har Gabukka: hannun Malam Shu'aibu ba lafiya, a je a duba shi. Ya kira Hilda yana haki, ya ce a matsayinsa na Jagora yana ba da umarnin a janye sanarwar.

"Oga, saƙon ya riga ya tafi," in ji ta. "Kuma kai ka ce kada in bar wa kowa ƙofar baya. Ni ma ina hanya, Madam Selina ta ce in riƙo lemo."

Ya juya wajen matarsa Khairiyya ya ce in an zo ta ce ya yi tafiya. Ya tarar ta riga ta share falo, ta ɗora shayi, ta yafa gyalen fita kunya. Ta ce masa, "Abban Nabil, baƙi ne na alheri, kuma takalminka na ƙofa."

Aka cika falo. Aka yi masa sannu da jiki ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa da "da sauƙi" kamar mai zazzaɓi. Sannan ya gyara murya ya yi bayanin cewa manyan masu zane na duniya sukan yi shiru na wani lokaci, kuma shirun gwani ma zane ne ga mai ido. Madam Selina ta saurara har ya kai aya, kamar yadda take sauraren yaron da ya zo a makare. Sai ta ajiye masa takarda a cinya ta miƙa masa fensir.

Ba mafita. Ya waiga yana neman abu mai sauƙi, idonsa ya faɗa kan butar shayin da ke bisa tebur. Ya ja layi, gumi na tsattsafo masa, ya goge, ya sake ja. Can cikin aikin ya manta da mutanen da ke kansa, har ya ji wani ɗan daɗi da ya manta akwai shi. Da ya gama ya ɗaga takardar.

Baba Ernest ya gyara gilashinsa, ya karkata kai, sannan fuskarsa ta washe.

"Kai, Malam, wannan agwagwa ce sak. Dubi wuyan."

Madam Selina ta ce ga wanda yake farawa wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Malam Shu'aibu ya dubi takarda, ya dubi tebur. Khairiyya, 'yar halak, ta sa hannu a hankali ta ɗauke butar ta yi kicin da ita. Farfesa ya yi gyaran murya, ya bayyana wa jama'a cewa ya zaɓi agwagwa ne saboda halitta ce mai zurfin tunani. Aka ɗora a manhaja, muka yi ruwan Masha Allah.

A hanyar komawa mun yi ta taya juna murna cewa hannun Jagora ya warke, kuma mu muka warkar da shi. Juma'a na zagayowa, wayoyinmu suka yi ƙara. Malam Shu'aibu ya ɗora sabon aiki: Wuyan Agwagwa, Kashi Na Ɗaya.