Ni da Littafin Maidawa da Famfon Jiratawa

Ranar Talatar makon jiya na yi asarar layin mai saboda littafi, kuma ban ji an taɓa yi wa wani haka ba a duk unguwar Zariya. Tun bayan sallar asuba na tura babur ɗina zuwa gidan mai, na tarar mutum saba'in da wani abu sun riga ni. Na ce to, tunda manyanmu, Allah ya ƙara masu lafiya, sun ga ya dace talaka ya samu lokacin zama ya yi tunani, bari in ci moriyar kyautar. Na zaro littafin daga jaka, na jingina da bango, na buɗe shafi na sittin da uku. Ban sake sanin inda nake ba sai da rana ta take tsaka. Layi ya kewaye ni ya wuce, an ja ƙofar gidan mai, mai ya ƙare. Wani ɗan kabu-kabu ya ce sun so su tashe ni, amma da suka ga dattijo riƙe da littafi ido rufe, sai suka ɗauka hadda nake.

Wanda bai san littafin ba, labarin wani saurayi ne mai suna Maidawa, wanda Nasara suka kwasa daga wani ƙauye na gefen Tibiri suka kai yaƙin duniya na biyu. Shafi ɗari huɗu da tamanin. An ba littafin lambar yabo a waje, an ba shi a gida, rediyo kuma na karanta shi kashi-kashi kowace la'asar, har yau ba a kai rabi ba. Idan lokacin ya yi, fadarmu ta masu shayi sai ta yi tsit, ko butar ba a son ta yi ƙara. Maƙwabcina Inusa, wanda kabu-kabu ke ciyar da gidansa, ba ya ɗaukar fasinja a wannan sa'a ko da haihuwa ce ta taso. Mai ɗakina Nafisa ba ta jira rediyo ba. Kwana shida ta cinye littafin, ta ƙona tuwo sau biyu, ta yi kukan da ban ga ta yi ba ranar da mota ta buge ni.

Ni kuwa ban ji komai ba. Ba ƙin littafin nake ba, don da ƙi ne da na samu abin rubutawa. Hausarsa mai kyau ce, takardar ma mai kauri. Sai dai in na buɗe shi kamar an miƙo mani ruwan randa da ya kwana a rana, zan sha, amma ba zan ba da labari ba. Kuma ni ne fa mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, har yau rabin garin nan Mushe Abdu suke ce mani, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Yara nawa na tsayar a rana saboda sun yi gyangyaɗi a kan karatu, Allah kaɗai ya sani.

Na daɗe ina neman dalili mai mutunci, kuma na samu. Kakana Baƙo ya je wannan yaƙi, a gabansa na girma. Abu biyu kawai ya taɓa gaya mana game da shi: takalmin da aka ba shi ya matse shi, miyar Nasara kuma ba ta da yaji. Maidawa kuwa ko ƙaya ta soke shi sai ya yi jawabin shafi uku a kan ƙasar haihuwa. Na kai wa Nafisa wannan hujja da murya irin ta masana. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Malam, kai da ka yi barci wurin ɗaurin auren ƙanenka? Bar tsoho shi huta cikin kabarinshi."

Da abin ya tsaya a nan da ban dame ku ba. To amma tun da na aje alli ina da ɗan fili a Jiratawa, rabi tumatir rabi zogale. Famfon da ke tura ruwa a magudanarmu, mu manoma arba'in da uku, ya mutu. Ranar da na yi barcin nan kwanansa goma sha tara ke nan. Sau uku muna zuwa biro, wato ofishin da abin ya shafa. Zuwan farko darekta ya tafi taron ƙara wa juna sani. Na biyu ya dawo, amma yana hutun gajiyar sanin da ya ƙaru. Na uku aka ce mu rubuto takarda, muka ce mun rubuto, aka ce wancan bayani ne, yanzu koke ake so. Tumatir kuwa ya fara sunkuyar da kai.

Washegarin Talatar sai ga takardar gayyata. Ranar Asabar za a yi bikin karrama littafin a Tibiri, a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, wanda ba a taɓa buɗe ko da magewayi ba a ƙasar nan sai da almakashinsa. Ana so in yi jawabi a matsayina na jikan tsohon soja kuma mai rubutu a jarida. Na fara tsara ciwon da zan kamu da shi, sai Maman Lawali, dattijon da ke shugabantar mu manoma, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya hau amalanke, ya hau mota, ya taka, duk don ya kawo mani takarda ɗaya mai ɗauke da sunaye arba'in da uku, wasu da sa hannu wasu da dangwale.

Ya ce, "Mushe, mun ji an gayyace ka. Kai kaɗai za ka tsaya taku ukku da mutumin nan. Ka yabi littahin, ka miƙa mai wagga takarda hannu da hannu. In an ƙara sati guda, babu mai tsinkar komi bana."

Na rage murya na ce, "Shugaba, ni fa ban karanta littafin ba."

Ya dube ni ya ce, "Shi ya karanta?"

Sai na karɓi takarda. Na koma ciki na durƙusa wa Nafisa. Ta bar ni na yi ta kewaye-kewaye har na gaji, sannan ta ce in ɗauko alƙalami. Tana faɗa ina rubutawa, kamar yadda na yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru, har da "Malam, gyara zamanka." Ta ce ba za ta taɓa ƙarshen labarin ba saboda masu bin rediyo. Na ce ni ma ban matsu ba.

Ranar Asabar Inusa ya goya ni, da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, masu sayarwa a bakin hanya, wanda rabinsa addu'a ce. Mun fita daga gari kaɗan aka kore mu gefen hanya, jerin motocin masu shirya biki ya wuce. Na ƙirga ashirin da bakwai, kowace gilashi a rufe, mutum ɗaya a baya. Hankalina ya kwanta. Da ina tsoron man garin nan ya ɓata ne, ashe yana hannu nagari.

A Tibiri an kafa rumfa, an jera kujeru masu laushi a gaba, na roba a baya, talakawa kuma an tanadar masu rana. Marubucin littafin, wani ɗan tsoho siriri mai tabarau ɗaure da zare, yana layi na uku, don mai tsara zama bai gane shi ba. An ce ƙarfe tara. Mai Girma ya iso sha biyu ta gota, aka tashi aka yi tafi saboda ya rage mana jira, tunda an san shi da ƙarfe biyu.

Jawabinsa ya ƙayatar. Ya ce bai taɓa karanta littafin da ya girgiza shi kamar wannan ba. Sau biyu ya kira jarumin Maidawaki, sakatarensa na raɗa masa daga baya. Sannan ya zo kan darasi. Ya ce jarumin nan ya yi tafiyar wata uku a ƙasa, bai nemi a ba shi mai ba, bai tsaya ƙofar biron kowa ba, bai rubuta takardar koke ba. Ya ce abin da ƙasa ke bukata ke nan, jama'a masu haƙuri irin na kakanni. A nan na gane abin da ya sa manya ke son littafin yaƙi. Duk wahalar da ka kawo masu, akwai wanda ya fi ka shan ta a shafi kaza, kuma shi bai yi ƙorafi ba. Na taɓa aljihuna, takardar koken na nan tana jiƙewa da zufa.

Ya yanka ƙyalle a jikin wani dutse, aka ɗauki hoto. Na miƙe na fara matsawa, na kai taku biyar da shi, ina ta "ranka shi daɗe", wani ƙato ya sa mani hannu a ƙirji cikin ladabi. Mai gabatarwa ya sanar cewa wani muhimmin aiki ya taso. Daga baya na ji aikin, gasasshen rago ne. Kafin a kira sunana layin gaba ya zama wayam, motoci ashirin da bakwai sun bi shi.

Na hau na karanta jawabin Nafisa ga kujeru masu laushi. Ban kai tsakiya ba na ji ana jan hanci daga baya. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi. Inusa na share ido da hularsa. Ni kaina muryata ta yi rawa, ko da yake tun safe koko kawai na sha. Da na kai ƙarshe na ɗaga kai, sai na hango Maman Lawali can cikin rana da manoma biyar, sun taso tun daga Jiratawa don su ga an miƙa takarda. Ba su tafa ba, kallona kawai suke. Na duba gabana, na ga abin maganar gidan rediyo na nan a kunne, ana watsa bikin kai tsaye. Na zaro takardar na karanta ta, tun daga gaisuwa har kwanakin da famfo ya yi a mace, har sunaye arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya. Mai gabatarwa na jan gefen rigata tun daga suna na bakwai. Kar wani ya ce jarumta ce. Baki ne kawai ya ci gaba da kansa.

Da aka watse, marubucin ya lallaɓo ya kama hannuna, ya ce tun da littafin ya fito ba wanda ya fahimce shi kamar ni. Na duba tabaran nan mai zare, na kasa yi masa ƙarya. Na ce, "Baba, gaskiya a shafi na sittin da uku na tsaya."

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "To wa ya rubuta jawabin?"

Na ce mai ɗakina.

Ya ce, "Ka gaishe ta da kyau. Kai kuma takarda ta biyun ka fi iya karantawa."

Ashe manya na jin rediyo. Ranar Litinin motoci biyu suka shigo Jiratawa, muka yar da fartanya muka ruga. Mutum shida suka sauko da bokitan fenti. Suka shafe ɗakin famfo fari tas, suka kafa wani babban allo na ƙarfe a kan turaku biyu, an rubuta Famfon Jarumi Maidawa. Maman Lawali ya tambayi shugabansu ina makaniki. Ya ce makaniki na cikin kashi na biyu na shirin, wannan kashin na farfaɗo da martabar wuri ne. Suka sa mu tsaya a gaban allon, aka ɗauke mu hoto, aka ce mu yi murmushi.

Tumatir ya tafi a cikin makon, nawa da na kowa. Zogale muka ceto, shi ma ba duka ba, da wani ƙaramin inji da manoman ƙetaren gulbi suka ara mana, muna ja da shi fili-fili. Maman Lawali bai ce mani komai ba a kan tumatir. Ya dai ce an ji sunansa a rediyo har Dakoro, 'yarsa ta bugo waya.

Da na koma gida ranar Litinin ɗin na ba Nafisa labarin allo. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta ce in sake faɗin sunan. Na sake. Ta fara dariya har sai da ta nemi kujera ta zauna.

Na ce, "Mene ne kuma?"

Ta ce, "Malam, ka san yadda Maidawa ya ƙare? Ƙishirwa ta kashe shi cikin hamada, bakin wata rijiya da ta ƙahe."

Masu bin rediyo ku gafarce ni, na ɓata maku ƙarshen. Amma dole in yi adalci. Shekara nawa ina zargin manyanmu a wannan shafi da cewa ba su san abin da suke yi ba, ga shi sun raɗa wa abu sunan da ya dace da shi ba tare da sun buɗe littafi ba. Roƙona ɗaya ne ga sakataren da ke karanta masu jarida, don Allah ya tsaya kafin ya zo nan. Kar a zo a cire allon. Da rana tsaka mutum huɗu na samun inuwa a ƙarƙashinsa.